Baƙar Ƙasar da Ta Rasa Dangi

Dalilin da ya sa baƙar ƙasar kurmin kan dutse take zaune ita kaɗai, ba a lissafa ta a gidan laka, ba a lissafa ta a gidan jigawa, labari ne da ya kamata a ce tun bara kun zo kun tambaye ni. Amma sai da kuka karaɗe gari, kuka tambayi mai shayi, kuka tambayi mai facin keke, kowa ya sosa ƙeya, sannan kuka tuna da ni. Ba komai, na saba. Ku gyara zama. Kai kuma mai shan rake, ka sha a hankali, ba na haɗa murya da kowa.

A can zamanin farko, ƙasa tana da ƙafa. Tana tashi ta yi tafiyarta kamar yadda ku kuke tashi in an aike ku wani wuri ku tafi wani wuri daban. Mutum zai shuka gero a kan jigawa da safe, ya dawo bayan kwana biyu ya tarar Jigawa ta tafi biki, Laka ta zo ta baje a wurin, irin ya ruɓe. Mace za ta ga ramin yumɓu mai kyau ta sa alama, washegari ta zo da kwandonta ta iske rairayi yana yi mata murmushi. Akwai ma wanda ya gina ɗaki da jangargari, ya kai amarya, katangar gabas ta tuna tana da gaisuwar mutuwa ta kama hanya. Haka mutane suke fama.

To, can kudu akwai wani Dutse mai tsawo, wanda yake da wuta a cikinsa. Mai zuciya ne, ba a san abin da ya ɓata masa rai ba, wata rana ya buɗe baki ya yi aman wuta. Narkakken dutse ya gangaro kamar kunun da ya yi ruwa, toka ta rufe rana, mutanen da ke gindinsa suka kwashi 'ya'yansu suka gudu, ba wanda ya waiwayo. Da cikinsa ya huce, sai ya yi shiru. Bai ƙara magana ba.

Tokar nan da ƙonannen dutsen suka kwanta a kafaɗunsa. Rana ta gasa, ruwa ya daka, shekaru suka yi ta wucewa, har suka narke suka zama yarinya. Fara-fara ce, toka-toka, ba nauyi, in iska ta taso sai ta ɗauke ta ta kai ta wancan gefe ta ajiye. Ba uwa, uba kuma ya juya wa duniya baya.

Wani tsoho mai suna Kurmi, wanda yake hawa dutsen a hankali da itatuwansa, shi ya tsince ta. Ya sa mata suna Tsintuwa. Ya riƙe ta da saiwoyinsa don kada iska ta tafi da ita, yana lulluɓa ta da ganye, ganyen ya ruɓe ya ƙara wani. Mutumin kirki ne, sai dai Kurmi ba mai hira ba ne. Magana ɗaya yake yi da damina, ya ajiye amsarta sai rani.

Haka Tsintuwa ta girma. Da safe gajimare ya sauko ya zauna a kanta, ba ya cewa komai, rana ta yi ya tashi. Wani lokaci takan hau har bakin ubanta ta leƙa ta ce, "Baba, ina kwana." Muryarta ce take zagayawa a cikin ramin ta dawo mata. Takan amsa wa kanta da lafiya lau, ta sauko.

Abin da ya fi damunta shi ne kiɗa. In iska ta juyo daga arewa, takan kawo mata amon gangar noma daga can ƙasa, inda ake gayya, da sowar maza da guɗar mata masu kai fura. Ta tambayi Kurmi mene ne wannan. Ya ce mutane ne. Ta tambaye shi me suke yi wa ƙasar can da har suke mata kiɗa. Sai da rani ya zagayo ya ce mata suna sosa mata baya ne da fartanya, suna ba ta amanar iri, su dawo su karɓa. Tun daga ran nan ba abin da Tsintuwa take so a duniya kamar ta ji tafin ƙafar mutum a bayanta. Amma kunya ta hana ta sauka. Ta san abin da ubanta ya yi, ta san kuma mutane sukan tambayi asali kafin su ba ka wurin zama.

Ana nan, sai mutane suka gaji da yawon ƙasa. Sarkin Noma na lokacin, wani dattijo mai suna Arzika, ya sa aka yi shela: bayan kaka, kowace ƙasa ta hallara a gindin tsamiyar bakin kasuwa. Za a gwada kowa, a sa ta a gidan danginta, a ba ta aikinta. Inda aka zaunar da ke a ranar, nan za ki zauna har abada, an karɓe ƙafa. Wadda kuwa ba gidan da ya karɓe ta, sai ta koma inda ta fito.

Shamuwa ce ta kai labarin kan dutse, da farkon damina. Tsintuwa ta tsare ta da tambaya, gida nawa ne, wane gida ya fi mutane. Shamuwa, da yake ta ga duniya, ta ce manyan gidaje dai uku ne. Jigawa tana ganin mutane da damina, rani ya yi a watse a bar ta da awaki. Jangargari yana cikin gari, amma an yi shi katanga, jingina kawai ake yi da shi. Ita kuwa Laka, a fadama take, ba ta rabuwa da jama'a: da damina masu shinkafa, da rani masu lambu, ga magina tukwane, ga yara masu kamun tarwaɗa. Tsintuwa ta tambaya yaya Laka take. Shamuwa ta ce baƙa ce, mai nauyi, kullum jikinta da danshi.

Tsintuwa ta dubi kanta. Fara, busasshiya, ba ta kai nauyin ƙaiƙayi ba.

Ta je wa Kurmi ta roƙe shi ya ba ta duk ruɓaɓɓen ganyen da ya tara, ta ɗaura. Ya ba ta. Zane ne baƙi wuluk, mai kauri, mai laushi, ya rufe ta ruf. Yana miƙa mata ya yi maganarsa ta wannan shekarar, ya ce, "'Yata, zanen ya isa. Ki je a yadda kike."

Ni da ina wurin da na ƙara masa baki, da ba a yi haka ba. Amma ba a haife ni ba tukuna, wanda shi ma wani rashi ne da duniya ta yi.

Tsintuwa ba ta ji ba. Baƙi ya samu, saura nauyi da danshi. Ta tare Damina tana wucewa ta kan dutsen da tulunanta, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, ki ba ni ruwa in sha, mai yawa, in yi nauyi."

Damina ta tsaya ta dube ta. Ta ce ita ruwanta ba aro ba ne, ba a karɓa a mayar. Tsintuwa ta ce ta yarda. Damina ta ce ta dai saurara tukuna.

"Ubanki ya tara abin cikinsa ya amayar a lokaci guda, ya kori duniya. Ba zan ba 'yarsa ruwa ta yi mini irin wannan ba. Abin da kika haɗiye ya zauna a cikinki. Ba za ki tofar ba, ba za ki bar shi ya kwanta a fuskarki ba. In za ki saki, sai kaɗan-kaɗan, ta ƙarƙashi, inda ba mai gani. Kin ɗauka?"

Ta ce ta ɗauka. Da a ce Damina ta ce sai ta ba da ido ɗaya ma, da ta ɗauka.

Damina ta yi ta juye mata tulu. Aka yi marka, sama ta ƙi buɗewa, Tsintuwa tana sha. Duk ɗigon da ya faɗo, kafin ya taɓa ta sosai ya shige. Ta sha har ta ji ta cika maƙil, ta ce lallai yanzu ko Laka sai ta yi da gaske. Abin da ba ta sani ba, jikinta duk ƙofofi ne ƙanana, gadon toka. Ruwa ya cika ƙofofin, amma ƙashin jikin yana nan yadda yake.

Kaka ta yi, aka kai amfani gida. Tsintuwa ta yi sallama da Kurmi, ta leƙa ta gaya wa ubanta za ta tafi, ta saurari muryarta ta dawo, ta gangara.

Ba ta taɓa ganin taro irin wannan ba. Ƙasa iri-iri sun cika gindin tsamiya, kowa da 'yan rakiyarta, mutane sun kewaye su. A tsakiya, kan tabarma, wata tsohuwar maginiya ce zaune, Gwaggo Tasalla, da ƙwaryar ruwa a gabanta. Ita aka ba gwajin, don tun tana yarinya hannunta yake cikin yumɓu, har ana cewa yatsunta sun fi idonta gani.

Gwajinta ba wuya. Takan damƙi ƙasa ta jinjina a tafin hannu ta ji nauyi. Ta yayyafa ruwa ta cuɗa. Ta murza tsakanin tafuka biyu ta ga ko za ta yi igiya. In ta yi igiya, ta lanƙwasa ta a yatsa ta ga ko za ta yi zobe.

Laka ta fara zuwa, tana tafiya da ƙyar don ƙiba. Ta yi igiya, ta yi zobe, ta kuma manne wa Gwaggo a hannu sai da aka kankare. Aka ce fadama taki ce, ke da 'ya'yanki, har da yumɓu. Jangargari ya zo yana buga ƙirji. Ya yi igiya, aka lanƙwasa ya tsage. Gwaggo ta ce zobe dai ba naka ba ne, amma rana ta gan ka za ka yi tauri, je ka yi tubali. Jigawa ta zo tana surutu tana gaisa da kowa, ko cuɗuwa ta ƙi yi, ta zube ta tsakanin yatsu tana dariya. Aka ba ta tudu, da gero da gyaɗa. Ƙananan ƙasashe kuwa aka yi ta raba su, wannan ta bi Laka, waccan ta bi Jigawa.

Tsintuwa tana can baya, sai da aka kusa tashi ta matso. Laka ce ta fara hango ta. Ta ga baƙin nan mai sheƙi, ta ga danshi, ta ce wannan ai ba sai an gwada ba, jininsu ne, a matsa mata wuri. 'Ya'yan Laka suka fara guɗa. Wata ta kama hannun Tsintuwa ta ce mata yaya. Ba wanda ya taɓa kiran ta da wani abu makamancin haka. 

Gwaggo Tasalla ta ce a dai kawo ta, ita ba ta aurar da tukunya ba ta ƙwanƙwasa ba.

Ta damƙa, ta jinjina. Ta sake jinjinawa. Ta ce, "Ikon Allah. 'Yan mata, ina kika bar sauran jikinki?"

Ba ta ma yayyafa ruwa ba. Ta ɗebi kaɗan ta matsa tsakanin babban yatsa da manuni. Da farko ƙasar ta tsaya, sai kuma ta narke lokaci guda, ta yi santsi kamar man shanu, ruwa ya fito ya jiƙa yatsun. Gwaggo ta buɗe yatsu, ba abin da ya manne. Ta murza, igiya ta fara fitowa ta gutsure. Ta sake, ta sake gutsurewa.

Guɗa ta tsaya. Wadda ta riƙe hannun Tsintuwa ta saki a hankali, ta goge a zanenta. Laka ta ce ita dama tun daga nesa ta ga tafiyar ba irin tasu ba ce. Santsi ba danƙo, ai wannan ko murfin tukunya ba za ta yi ba, su gidansu ana riƙo.

Sarkin Noma Arzika ya juya wajen Jigawa, ya ce to ga mara nauyi, ga mai warwarewa, ko tata ce. Jigawa ta zo ta zagaya ta, ta taɓa, ta ga ruwa a yatsanta. A karo na farko a ranar ta yi magana ba dariya.

"Ƙanwata, wa ya ce ki sha wannan ruwan? Mu gidanmu ba a ɓoyo. Ruwa ya zo, mu ce masa sannu, ya wuce. Gyaɗa ta kwana a cikinki ai ruɓewa za ta yi. Wallahi da a bushe kika zo, da ni da kaina zan goya ki."

Tsintuwa ta ce za ta zubar. Ta yunƙura, ta matse cikinta, ta yi iya yinta a gaban jama'a. Ko ɗigo bai fito ba. Damina ba ta mayar da magana.

Jangargari ya ce a ɗaga gefen zanen ya gani. Aka ɗaga, sai ga fatar ciki ruwan da ta sha ya mayar da ita ja-ja, kamar ƙasa-ƙasa. Ya ce launi kam akwai kama, amma shi katangar da za a yi da wannan, ko zakara ya yi cara kusa da ita sai ta zauna. Mutane suka yi dariya. Ba don mugunta ba, abin ne ya ba su dariya, amma ita ba ta san bambancin ba.

Gwaggo Tasalla ba ta yi dariya ba. Tana ta laluben abin da ya rage a tafinta, sai ta tsinci wani ɗan dutse, baƙi, mai huji-huji kamar saƙar zuma, ba nauyi. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce ta san irinsa, kakarta tana da guda tana goge kaushi da shi, kakar ta ce daga gindin Dutse ta tsinto shi ranar da suka gudu da goyo a baya. Ta ɗago ta tambayi Tsintuwa 'yar wace ce.

Tsintuwa ta faɗa.

Ba wanda ya zage ta. Matsawa kawai aka yi, kowa ya ja da baya kaɗan, har ta ga fili ya buɗe kewaye da ita, irin filin da ta saba da shi.

Arzika ne kaɗai bai matsa ba. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar ya kai hanci ya shaƙa, ya lumshe ido. Ya ce shi dai tun da yake noma bai taɓa jin ƙamshin ƙasa irin wannan ba, duk abin da aka ba wannan amana zai yi. Ya roƙi gidajen uku, ko a bayan ɗaki ne a ba ta wuri. Laka ta ce gidanta a cike yake. Jigawa ta sunkuyar da kai. Jangargari ya ce shi da wuta sun san juna, ba ya son ƙari.

Gwaggo ta wanke hannunta a ƙwarya. Ta ce ita ba za ta yi wa yatsunta ƙarya ba, yarinyar nan ba laka ba ce, ba jigawa ba ce, ba jangargari ba ce. Gida na huɗu ce. A rubuta ta a zuciya haka nan, gida guda, mutum guda.

Tsintuwa ta ce, "Gwaggo, to wa zai riƙa zuwa?"

Tsohuwar ta dubi Arzika. Arzika ya dubi dutsen can nesa, ya dubi gwiwoyinsa. Ya ce, "Mai ƙafa zai zo, 'yata. Ba kullum ba."

Ta juya ta kama hanya. Hawan ya fi saukar tsawo. Tana isa ƙarƙashin itatuwan Kurmi, ƙafafunta suka shige cikin jikinta, kamar yadda na kowace ƙasa suka shige a ranar. Kurmi bai tambaye ta yadda aka yi ba. Ganye ya sako mata, ta karɓa ta riƙe. Zanen ma ba ta mayar ba, shi kuma bai tambaya ba.

Shekaru suka wuce kafin wani ya hau. Wani jikan Arzika ne, da fartanya a kafaɗa da irin dankali da gwaza a buhu, ya share ɗan wuri a gefen kurmin. Ba ganga, ba guɗa, shi kaɗai ne yana 'yar waƙarsa a hanci. Fartanyar ta shige ba wahala. Tsintuwa ta yi lamo, ko numfashi ba ta so ta yi kada ya tsorata. Ya zuba mata taki, ta karɓa. Sai ta tuna, in ya kwashe amfaninsa zai sauka, wataƙila kuma shi ke nan. Ta ƙanƙame takin. Ta sakar wa shukar daidai abin da zai sa mutumin ya yi murna, ta riƙe saura. Ya ga dankali ya yi kyau, ya ga kuma kamar ƙasar tana da sauran abin da ba ta bayar ba. Baɗi ya dawo da wani takin.

Shi ya sa har yau, in Allah ya kai ku kurmin da ke kan irin dutsen nan da ya taɓa aman wuta, za ku tarar da ƙasarsa baƙa wuluk a sama, ja-ja in an yi zurfi, ku cika kwando ku ɗauka kamar ba ku ɗauki komai ba. Ko kwana aka yi ana ruwa ba za ku ga ya kwanta a kanta ba, sai dai can gindin dutse ku ga idon ruwa yana tsattsafowa har tsakiyar rani, mutane suna sha ba su san daga wa yake ba. Ba a gina tukunya da ita, ba a yin tubali. In kun matsa ta da yatsa za ta yi santsi ta jiƙa muku hannu. Manoman wurin kuma har gobe suna ƙorafi, wai ƙasa ce mai albarka amma mai cin taki, a ba ta da yawa ta fito da kaɗan. Suna cewa rowa ce. Ita kuwa so take su sake hawowa.